Sunan Uwa a Gaban Aji

Dinyawa,
Lahadi, 27 ga Oktoba.

Zuwa ga kakana Malam Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Ina fata maganin shan sa kake yi, ba cusa shi kake yi a aljihun riga ka ce wa Hajiya ka sha ba. Ni ma lafiya ƙalau, alhamdulillahi.

To angona, ga wasiƙar da ka matsa a rubuto. Ƙawayena na kwalejin Bici sun yi ta yi mini dariya da suka ji wai a wannan zamanin takarda zan riƙa aika wa kakana. Na ce su gwada kiranka a waya su gani, su ce maka "ina kwana", ka ce musu "wa ya rasu?" Sama'ilu direba, mai kai kayan gwari Kano duk Litinin, shi zai riƙa ajiye maka ita a shagon bakin layinmu na Gwammaja. In ka rubuta amsa ka bar ta nan, zai ɗauko.

Garin da aka turo ni koyarwar gwaji bai kai unguwarmu girma ba, amma ko'ina ka juya gidaje ne da gonaki sun rungumi juna, dawa har jikin katanga. Ƙasa kaɗan da garin akwai hanyar ruwan da ta taso daga dam ɗin Watari, yanzu kowa ya duƙufa gyaran wurin albasa. An sauke ni gidan wata dattijuwa, Inna Fanta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, sai ta mayar da ni abin kiwo. Tun ran da na zo take cewa 'yan birni ba su da ƙashi, tana tura mini tuwon dawa kamar wadda za a kai kasuwar Sallah. Allah ya saka mata, ban taɓa jin baƙunta a gidanta ba.

Makarantar ƙaramar sakandare ce, maza da mata a haɗe. Malamin Turancinsu, Malam Kassimu, ya ba ni aji ɗaya, yara hamsin da uku. A cikin darussan akwai na koyon magana da Turanci, Talata da Alhamis. Da ya zo kan wannan darasin sai ya miƙo mini littafin da hannu biyu yana murmushi, kamar mai sauke buhu daga ka. Ya ce shi dai shekara da shekaru rubutu yake cika musu allo da shi a wannan lokacin, su kwafa, kowa ya huta.

Ni kuwa ba ni da wannan damar. Kafin mu baro kwaleji an gaya mana ƙarara cewa malamar da za ta zo duba ni darasin maganar za ta shiga, kuma idan muryar malami kaɗai ta ji a aji, to malamin ya faɗi. Faɗuwa kuma ka san ma'anarta: in maimaita gwajin nan baɗi, abokan karatuna su fita su bar ni. Ba a faɗi ranar zuwanta ba, an dai ce farkon Disamba.

Yanzu ka gyara zama ka sha dariya. Ran Talata na shiga aji da tsarin darasina shafi uku, na haddace shi tsaf. Na gaishe su, suka miƙe suka rera amsa kamar karatun allo, suka zauna. Na yi tambayar farko. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Na sake. Duk wanda na kalla sai ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Sai kawai na kama magana, na yi tambaya na ba kaina amsa, na yaba wa kaina, har aka buga ƙararrawa. Minti arba'in cur ni kaɗai, a darasin da aka ce na koya wa yara magana ne.

Abin mamaki, ana fita tara ka ji su kamar kasuwar tsuntsaye. Bakin nan yana nan, ni ce dai ban san inda makullinsa yake ba.

Amma ran Alhamis Allah ya ba ni mutum ɗaya. Wata 'yar siririyar yarinya, Ikilima, tana zama a bencin gaba. Ta ɗaga hannu sau uku, Turancin a karye amma ba ta jin tsoronsa, in kalma ta ƙi zuwa sai ta cike da hannu. Da ta fara, wasu biyu suka bi bayanta. Wallahi ji na yi kamar in goya ta. Yanzu duk tsarin da zan yi da ita nake farawa a raina.

Ka yi mini addu'a, kai da ka yi shekara talatin da biyar kana wannan aiki ba ka taɓa gaya mini haka yake ba. Ka gai da Hajiya, ka ce yajin da ta ɗaure mini ya kusa ƙarewa, Inna Fanta ta gano shi.

Taka har kullum,
Aina'u.

Dinyawa,
Lahadi, 10 ga Nuwamba.

Malam Babba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta Hajiya, Allah ya sa kowa lafiya. Amsarka ta iso ni, na ga kuma dariyar da ka yi mini har shafi biyu. Na yafe. Yau dai ba ni da bakin tsokanarka, domin na yi ɓarna, kuma gara ka ji daga wurina.

A littafin da muke bi akwai darasin gabatar da kai. Layi uku ne yaro zai faɗa da Turanci: sunana wane, sunan mahaifina wane, sunan mahaifiyata wance. Na kwafe su a allo yadda suke. Ran Alhamis ta ƙarshen Oktoba na ce wa zai fara, ba wanda ya motsa, har waɗanda suka soma sakin jiki. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba, na kira Ikilima gaban aji. Ta faɗi layi na ɗaya da na biyu sarai. A na uku ta tsaya, ta kalle ni. Na ɗauka kalmar ce ta shige mata, na maimaita mata. Ta sake kallona. Na ce ai ita ce gwanata, kada ta ba ni kunya. Sai ta faɗa can ƙasan maƙoshi. Ni kuma, da yake an koya mana cewa dole na bencin baya ya ji, na ce ta ɗaga murya. Ta ɗaga. Na ce a tafa mata.

Duk garin nan Mai-ƙuli ake kiran mahaifiyarta, saboda sana'arta. Yaran ajin ba wanda ya san sunanta na yanka Huseina sai ranar, kuma ni na tsaya a kan 'yarta har ta faɗa.

Ana fita tara maza suka mayar da sunan waƙa, suna tafi suna bin ta. Wani Tasi'u, wanda ya fi kowa ƙarfin murya a waje, shi ne mai ba da waƙar. Ikilima ta cire takalminta ta fasa masa leɓe, ta ɗauki jakarta ta tafi gida. Yau kwana goma ke nan ba ta dawo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na sani. Ba baƙuwa ba ce ni daga wata ƙasa. Ka tuna ina aji biyu na firamare, shekara guda bayan rasuwar Umma, aka kira ka makaranta don na ciji wata yarinya a kafaɗa? Ai sunan Umma ta kama. Kai ka je ka ba da haƙuri, a hanyar dawowa kuma ka saya mini rake ba ka ce mini komai ba. Wanzami ba ya son jarfa, ga shi ni na yi wa 'yar mutane. Da da Hausa aka rubuta layin nan, ko da wuƙa a wuya ba zan sa yaro ya faɗa ba. Da na gan shi da Turanci a littafi sai na ɗauke shi darasi kawai, na manta uwar da ke ciki uwa ce ta gaske, tana nan bayan masallaci tana suyar ƙuli.

Tun ranar ajin ya rufe baki ruf. Ko gaisuwar da suke rerawa ta koma gunaguni. Sun ɗauka duk wanda ya yarda ya buɗe baki, shi ma zan kai shi layi na uku. Na yi lallashi, na yi alkawari, ran Talata har na ɗaga murya na buga tebur, abin da na rantse ba zan yi ba. Suka zuba mini ido kawai.

Na kai kukana wurin Malam Kassimu. Ya riƙe baki ya ce, "Ash! Malama, ai tsallake wannan layin ake yi. Laifina ne da ban gaya miki ba." Ya ce in ina so ya shigo da bulala ran da malamar za ta zo, zai tsaya a taga, kowa zai yi magana. Na gode masa, don da zuciya ɗaya ya faɗa, amma na ce a'a.

Saura mako uku Disamba ta kama. Ina shiga aji in yi magana da bango in fito. Na fara tunanin yadda zan dubi idonka in ce sai baɗi. Kada ka gaya wa Hajiya tukuna, ka san hawan jininta.

Ina neman addu'arka.

Jikarka,
Aina'u.

Dinyawa,
Lahadi, 24 ga Nuwamba.

Zuwa ga Malam Babba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da girmamawa. Yaya jiki, yaya Hajiya, yaya sanyin da ya fara sauka? Ka riƙa sa safar nan da na saya maka, ba don ado na saya ba. Ka yi haƙuri da makon jiya ban rubuto ba, abin da zan faɗa ne ya yi mini nauyi.

Inna Fanta ce ta gaji da ganina ina juya tuwo ba na ci. Da na ba ta labari ba ta tausaya mini ko kaɗan ba. Ta ce, "Ke da karatunki, kin ɓata wa mutum kina zaune kina jira ya zo ya same ki? Ɗauko mayafinki." Haka ta tasa ni gaba da la'asar har gidan su Ikilima, tana tafe tana gaisawa da kowa, ni ina biye kamar akuyar da aka kamo a gonar wani.

Mun sami Mai-ƙuli a tsakar gida tana matsar tunkuza, mai yana tsiyaya a kwano. Mace ce gajera mai fara'a. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ban kai ƙarshe ba ta katse ni da dariya. Ta ce, "Malama, tashi. Sunan nan ubana ya yanka rago ya raɗa mini, ba sato shi na yi ba. Yara kuma in sun gaji za su bari." Har na fara jin sanyi a raina, sai ta goge hannu ta rage murya. Ta ce ita ba a yi mata komai ba, 'yarta aka yi wa. Tun ranar yarinyar ba ta yarda sun haɗa ido ba, abinci ma sai ta faki idonta take ɗauka. Gani take ta sayar da uwarta don a tafa mata. Ta ce, "Ni na ce mata na yafe, ba ta ji ba. Ba a nan abin ya faru ba, a can wurinku ya faru. Gobe zan kamo hannunta in kawo miki ita. Abin da ya rage ke kika san shi."

Ta cika mini leda da ƙuli mai zafi. Ni da na je ba da haƙuri, ni aka yi wa kyauta. Ban ga Ikilima ba, amma na ga labulen ɗaki yana motsi.

Washegari Alhamis ta cika alkawari, ta kawo ta har bakin aji da kanta. Ikilima ta wuce bencinta na gaba, ta je can baya jikin bango ta zauna.

Malam Babba, ga abin da na yi, kuma ban shawarci kowa ba. Na rufe littafi. Na yi musu magana da Hausa, na ce na yi kuskure, na sa 'yar'uwarsu ta faɗi abin da bai kamata a tambaye ta ba, laifin nawa ne ba nata ba, kuma ba zan ƙara tambayar kowa ba har in bar garin nan. Suna kallona, na ga ba su yarda ba. Magana ce kawai, malamai kuma sun saba yi musu ita. Sai na taka na tsaya daidai inda na tsayar da ita, na faɗi layi ukun a kaina. Sunana. Sunan Abba. Da na zo na ukun na ji abin da yarinyar nan ta ji, har da ƙari. Na faɗa. Na kuma ɗaga murya na sake faɗa yadda na bencin baya zai ji.

Ka gafarce ni. Na san 'yar farinka ce, ban taɓa jin sunan nan a bakinka ba, tana raye ko bayan ta tafi. Ni ma tun da aka haife ni ban taɓa furta shi ba sai ranar, a gaban yara hamsin da uku. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Ina jira in ji wani ya ƙyalƙyale. Sai Tasi'u, mai tabon takalmi a leɓe, ya ɗaga hannu, karo na farko tun zuwana. Ya ce, "Malama, in ta ji ba za ta yi faɗa ba?" Na ce ba za ta ji ba, ta rasu ina shekara shida. Ban san wa ya fara ba, sai dai na ji ajin gaba ɗaya ya ɗauka, "Allah ya jiƙanta, Allah ya gafarta mata." Ba rerawa suka yi ba irin ta gaisuwa, kowa da muryarsa ya faɗa. Na juya ina goge allon da babu komai a jikinsa, don kada su ga fuskata. Har yau ba yaron da ya maimaita sunan, a aji ko a waje. Inna Fanta ta sa kunne a gari, ta tabbatar mini.

Daga nan abubuwa suka fara warwarewa, ta hanyar da ban tsara ba. Ran Talata wata yarinya ta makara, ta ce dashe suka je. Na tambaye ta, da gaske don ban sani ba, wai albasa ba 'ya'yanta ake watsawa a gona kawai ba? Ajin ya kwashe da dariya har da masu buga benci. Na ce to tunda kun fi ni sani ku koya mini, amma da Turanci, in kalma ta gagara a nuna da hannu, ni in ba da kalmar. Ka ga hannuwa! Sun koya mini yadda ake yafa iri a raini, a cire shi bayan mako shida, a dasa a fangali, wato 'yan filayen da ake yi wa gefe don su riƙe ruwa. Sun koya mini ban ruwa, yadda ake buɗe wa fangali ɗaya a toshe ɗaya. Turancin duk a karkace, amma nasu ne, kuma suna gyara wa juna. Yanzu matsalata ta koma yadda zan sa su yi magana ɗaya bayan ɗaya.

Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan ba. Ikilima tana zuwa kullum, tana rubutu, in na kalle ta sai ta kalli taga. Ban matsa mata ba, ba ni da wannan bakin. Amma duk hayaniyar ajin, shirunta na fi ji.

In ka yi fushi da abin da na yi ka faɗa mini, zan ɗauka. Gaisuwa ga Hajiya.

Taka,
Aina'u.

Dinyawa,
Lahadi, 8 ga Disamba.

Angona Malam Babba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa, ina fata kai da Hajiya da kowa kuna lafiya. Ni lafiya, har Inna Fanta ta ce na fara yin ƙashi.

Na karɓi wasiƙarka ina jiran faɗa. Ba faɗa a ciki ko layi ɗaya. Shafi huɗu ka cika mini da labarin Umma, yadda take hawa bishiyar goba da littafi, yadda ta taɓa gyara maka lissafi a allo a gaban ɗalibanka. Daga farko har ƙarshe "yarinyar nan" kake ce mata. Na karanta sau biyar. Ban taɓa sanin tana da tsiwa ba, ashe gado na yi. Na gode, Malam Babba, na gode ƙwarai.

Yanzu ga labarin da kake jira. Malamar ta zo ran Alhamis. Ina cikin jera kayan darasi, faranti cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa da damin irin albasa da yaran suka kawo, sai ga mota a bakin ofis. Dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta shigo ta zauna a baya da takardarta, ta ce in ci gaba kamar ba ta nan.

Ita ta ce kamar ba ta nan, yaran kuwa sun san tana nan. Baƙuwa, babba, daga birni, tana rubutu. Na ce wa zai zo ya nuna mana yadda ake dashe. Ba kowa. Na kira Tasi'u, ya miƙe ya kalli ƙasa ya koma ya zauna. Na kira wasu biyu, haka. Waɗannan yaran da shekaranjiya nake roƙo su yi shiru! Ina jin ƙarar biron malamar a kan takarda. Na ce a raina shi ke nan, sai baɗi. Tsohuwar cutar ta dawo, na kama magana ni kaɗai, na ɗauki iri ɗaya na fara dasawa a farantin ina bayani, hannuna yana rawa har ƙasa tana zuba a tebur.

Sai na ji murya daga jikin bango. "No, Malama. Is wrong."

Ikilima ce a tsaye. Ta taho gaban aji ba tare da na kira ta ba, ta zare irin daga ƙasa ta ɗaga shi sama, ta ce na nutsa shi da yawa, zai ruɓe. Kafin ta rufe baki Tasi'u ya zabura ya ce ƙarya ne, daidai Malama ta yi, haka babansa yake yi. Ta ce to babansa bai iya ba. Ai kuwa sai ajin ya tashi! Wasu suna bayanta, mafi yawa suna bayansa, kowa yana rantsuwa da gonar gidansu, da Turanci iya wanda ya samu, wanda ya rasa kalma ya juyo ya tambaye ni ya koma fagen fama. Suka manta da baƙuwa sarai. Ni dai aikina ya zama ba da layi, wane ya gama sannan wance. Har wata Maijidda, da ban taɓa jin muryarta ba ko wajen kiran suna, ta fito ta auna zurfin ramin da gaɓar yatsanta ta yi bayani. Da na saci kallon malamar na ga ta ajiye biro, ta cire tabarau tana goge ido don dariya.

A ofis ta nuna mini kurakuraina, kuma suna da yawa. Na cika tsayawa wuri ɗaya, ban rubuta sababbin kalmomi a allo ba, na bar lokaci ya ƙure ban rufe darasi ba. Sannan ta ce ta zaga makarantu tara a wannan zangon, nan ne kaɗai ta ga yara suna musu da Turanci. Ta sa hannu ta ce in je in ci gaba, na wuce. Alhamdulillahi. Malam Kassimu ya fi ni murna, har ya ce in bar masa farantin.

Da aka tashi na tsayar da Ikilima a bakin aji. Tun da ta dawo ban yi mata magana mu biyu ba. Na ce na gode, kuma ta nuna mini daidai zurfin, don kada in ƙara kuskurewa. Ta daɗe tana wasa da igiyar jakarta. Sannan ta ce, "Malama, ai daidai kika dasa. Tasi'u ne mai gaskiya."

Na ce to me ya sa ta ce ba daidai ba?

Ta ce, "Na san in na ce haka ba zai iya yin shiru ba." Ta ɗago ta kalle ni, karon farko cikin wata guda. "Na ga hannunki yana rawa. Ni ran da abin ya same ni gida na tafi wurin innata. Ke in matar nan ta kayar da ke, wurin wa za ki?"

Ta ce sai gobe, ta ruga ta cim ma ƙawayenta.

Na so in gaya mata ina da kai, amma bakina ya ƙi buɗuwa, ni malamar koyar da magana. Gobe Litinin zan gaya mata kafin a shiga aji.

Za a ba da hutu ran Juma'a, Asabar in sha Allahu ina hanya. Ka gaya wa Hajiya komai yanzu, ka kuma sa su Inna Fanta da Mai-ƙuli da 'yarta a addu'arka ta bayan salla, da sunan da ka ga dama, Allah ya san su.

Wassalam. Jikarka mai ƙaunarka,
Aina'u.